Akuya Ta Ƙi Hawa Tudu

A gonar shanun da ke bayan gari akwai wata 'yar mota da ma'aikata ke kira Akuya. Kujera biyu gare ta da akori a baya, ba ƙofa ba gilashi, tayoyinta masu haƙora. Ita ke kai dusa da magani can ƙarshen makiyaya, inda babbar mota ba ta shiga, ta dawo da madara kafin rana ta yi zafi. Mai tuƙa ta Auta ne. Mai gyaranta kuwa yayansa ne, bakaniken da kowa ke kira Mai Kunne.

Sunan ba na zolaya ba ne. Tun yana koyon aiki ya saba gane ciwon inji da sauraro. Sai ya ce a tayar, ya karkata kai, ya lumshe ido, ya faɗi inda ciwon yake, a kwance a tarar haka ne. Kayan aikinsa ba su wuce sufana, sukuddireba da ɗan ƙwan fitila mai waya biyu na gwada wuta ba. Da su ya gina gida, ya yi wa 'ya'yansa karatu. Da motocin zamani suka cika gari, masu su suka koma garejin kwamfuta, rumfarsa ta zama wurin shan inuwa. Aikin gonar nan, wanda Auta ya tsaya masa har manaja ya yarda, shi kaɗai ya rage masa.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne kunnen ya fara tafiya. Siraran sautuka suka fara ɓacewa: kukan tsuntsu, ƙarar waya, tafasar buta. Matarsa ce ta fara lura.

"Baban yara, rediyon nan naka har maƙwabta sun daina kunna nasu."

"Batir ne sabo."

"Allah Ya sa batirin ne," in ji ta, ta ci gaba da wanke-wankenta.

Ya yi dariya, amma daga ranar ya koyi kallon bakin mai magana.

Ana haka Akuya ta tsiro da hali. Da safe bugu ɗaya take tashi, ta yi tafiya lafiya lau, sai an ɗauko madara an kama tudun dawowa ta fara tari, ta mutu. In an bar ta ta huta, sai ta tashi kamar ba ita ba. Rannan ta daɗe ba ta tashi ba, madarar ta lalace a rana.

Mai Kunne ya fara da wuta. Ya kankare farin garin da ya taru a kan batir, ya duba fis ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure wayar da ke jikin ƙarfen motar, ya bi sauran da ƙwan gwajinsa. Wuta na zuwa ko'ina. Ya cire filogi ya gan shi a bushe, fari fat, alamar mai ne ba ya isa. Ya sauya abin tace mai. Saura famfon da ke cikin tanki, wanda in an murɗa makulli yakan yi ɗan kuka kafin inji ya tashi. Ya kafa kunne a jikin tankin, shiru. Ya ce famfo ya mutu. Manaja ya aika birni aka kawo sabo. Da ya ɗaura ya sake kafa kunne, shiru dai. Amma inji ya tashi, sai ya bar zancen a cikinsa.

Washegari Akuya ta mutu a kan tudun nan.

"Baba, ni ba bakanike ba ne," in ji manaja, "amma na san madara. In ta sake tsayawa zan sa a ɗauke ta zuwa gari, kuma daga nan masu garejin can ne za su riƙa duba mana komai."

Da safe Mai Kunne ya hau gefen ƙanensa suka tafi tare. Sun kama tudun ke nan ta yi tarinta ta tsaya. Ya sauko ya durƙusa gefen tanki.

"Auta, murɗa makulli." Ya jira. "Na ce ka murɗa."

"Na murɗa, Yaya. Ga shi nan yana kuka."

"Wa?"

"Famfon mana. Kamar sauro. Ai haka tsohon ma yake yi."

Mai Kunne ya ɗago ya kalli bakinsa. "Tsohon yana yi?"

"Yana yi. Na ɗauka kukan ne bai yi maka ba."

Auta ya zagayo ya kwance murfin tankin don ya leƙa mai, kamar yadda ya saba. "Ka ji ta ko? Kullum in ta mutu na buɗe, sai ta ja numfashi kamar tsohuwar da ta hau bene. Daga nan kuma sai ta tashi."

Mai Kunne bai ji komai ba. Ranar farko da aka kira shi kan tudun nan, da hannunsa ya buɗe murfin. Da ya ji wannan numfashin, da aikin bai kai azahar ba. Tanki yana buƙatar iska ta maye gurbin man da inji ya sha. In hanyar iskar ta toshe, famfo ya yi ta ja, mai ya ƙi fitowa. Ya ɗaga kujera ya zaro siririn tiyon iskar. Bakinsa a liƙe da busasshiyar laka, zanzaro ya yi gini a ciki. Ya zura waya, laka da tsutsa suka zubo a tafin hannunsa. Ya hura, ya mayar.

Akuya ta haye tudun, suka sauka suka sake hawa, ko tari ba ta yi ba. A hanya Auta ya yi wata magana, da bai sami amsa ba sai ya tsaya ya kashe inji, ya juyo suka fuskanci juna.

"Yaya, tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Ba mai ji a bakina. In za ka yi aiki sai in tsaya kusa."

"Famfon da na sa aka cire lafiyarsa ƙalau."

"Wa ya sani?"

Mai Kunne ya kakkaɓe lakar hannunsa.

Manaja ya ji daɗi da ya ga madara ta iso da sanyinta. Ya yi dariyar zanzaron, sannan ya ce, "Tunda kana nan, Baba, zo ka saurari janaretan ɗakin sanyi. Tun jiya yake wata siririyar ƙara, ban son ta."

Auta ya bi su. Mai Kunne ya tsaya gaban injin, ya karkata kai. Abin da ke iso masa gurnani ne kawai, kamar ruwan sama a rufin wani gida can nesa. Daga bayan manaja Auta na nuna gefen fanka da haɓa. Yana iya zama bel ɗin fankar ne, yana iya zama abin da ya fi bel, kuma madarar gonar duka tana bayan bangon nan. Ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen, ya daɗe, sannan ya janye.

"Manaja, kira masu garejin gari. Yau, kada ka bari sai gobe."

"Kai fa?"

"Ni ba na jin ta."

Manaja ya kalli Auta, Auta ya kalli ƙasa. Mai Kunne ya tattara sufanunsa a jaka, ya rataya, ya nufi ƙofar gona da ƙafa.