Baƙin Tukunyar Mai Chenai

Mai Chenai, wato uwar Chenai a kiran garinmu, mace ce da tsafta ta zame wa ciwo. A unguwarmu ta bayan tasha babu simintin da ya kai nata sheƙi; jan mai take goga masa har ƙuda ya sauka ya zame. A ɗakin ciyawa aka haife ta can ƙauye, amma in matan coci sun taru ran Alhamis ana hirar gida, sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Mu dai a gari muka tashi." Kowa ya san ƙarya ce. An bar ta ne don ta iya soya kaza.

Mijinta ya rasu da wuri. Da tallar tumatir ta yi rufin kwano, ta kai 'yarta Chenai makaranta har ta karanci zanen gini. Yarinya ta ce sai ta ƙetare teku ta koyo yadda ake gina gidan tarihi da jera kaya a cikinsa. Makarantar can ta ce ta fara nuna abin da ta iya yi da kayan garinsu. In ya yi kyau, a ɗauke ta kyauta.

Gidan tarihin garinmu ya ba ta kusurwa. Ta gina ɗakin girki irin na da, zagayayye, da daɓen kashin shanu da murhu a tsakiya. Ta je ƙauye ta kwaso tukwanen kakarta, baƙi ƙirin, ta bar 'yar kafa a rufi don haske ya sauka a kansu. A ƙofa ta rubuta cewa a irin wannan ɗaki aka haifi uwarta.

Mai Tongai, maƙwabciyar da bakinta ba shi da murfi, ita ta fara leƙawa. Ta dawo ta tsaya a kan shinge, ta ƙwala wa Mai Chenai kira.

"'Yar birni, ashe tukwanenku sun yi suna! Baƙin nan kuwa, tun na auren uwarki ne?"

A wurinmu macen da baƙo ya ga bayan tukunyarta da baƙi, ta gama jin kunya. Ran Litinin kuma masu ɗaukar hoto za su zo don a aika wa makarantar. Asabar da safe Mai Chenai ta ɗauki toka da yashi da soso, ta ce wa maigadin gidan tarihin ita ce uwar mai aikin. Kafin azahar tukwane sun koma jajaye kamar yau aka gasa su. Ta shimfiɗa farin kyalle, ta jera tangaran ɗinta na Kirsimeti.

Chenai ta shigo, ta duba, ta zauna a ƙasa.

"Mama, me kika yi?"

"Asiri na rufa mana. Baƙi za su zo, ke kin tara musu baƙi."

"Baƙin nan shi ne aikin, Mama. Hayaƙin Kaka ne. Duk tuwon da ta ciyar da ku yana jikinsa."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi ihu, da ya fi sauƙi. Mai Chenai ta dubi hannuwanta, ga baƙin hayaƙin uwarta nan a ƙarƙashin farce, ta rasa inda za ta ɓoye su.

Lahadi ana tashi daga coci, da farin kayanta a jiki, Mai Chenai ta kafa duwatsu uku a tsakar gidan tarihin, bakin hanyar da kowa ke bi. Ta hura ɗanyen itace, ta ɗora tukwanen ɗaya bayan ɗaya tana tuƙa sadza, tuwon masararmu. Matan Alhamis suka yi cirko-cirko.

"'Yar birni," in ji Mai Tongai, "ina kika koyi hura wuta haka?"

Tana durƙushe, hawayen hayaƙi na zuba, ba ta ɗago ba. "A ɗakin uwata. Ki karɓi muciya ko ki wuce."

Hayaƙin wuni ɗaya ba ya zama na shekara da shekaru. Tukwanen sun yi dishi-dishi kawai. Chenai ta hana a ɗora ta ƙarshe, ta ajiye ta ja fes a tsakiyar sauran, haka aka ɗauki hoton. Makarantar ta ɗauke ta.

Ɗakin yana nan, 'yan makaranta na zuwa kallo. Mai Chenai kuwa ta bayan asibiti take zagayawa in za ta kasuwa, wai hanyar gidan tarihi akwai taɓo. Ko da rani.