Igiyar Rijiya da Lakwal ɗin Garinmu

Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma na ga yadda ta garinmu ta kusa mutuwa, na kuma san abin da ya tashe ta.

Garinmu yana tsakanin Gangara da Tarka. Bayan yunwar nan da ta cinye dabbobi, gwamnati ta turo mana malami, wani siririn Badamagare, muna ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci. Maza suka yi gayya, suka kafa rumfar zana, aka rataya tsohon ƙarfen ƙafar mota a jikin aduwa. In aka buga shi da safe har rugagen Fulani ana ji. Lokacin sanyi aji cike yake. Ina wucewa da tulu in ji yara suna maimaita Faransanci kamar kwaɗi bayan ruwan farko.

Da bazara ta shigo sai aji ya watse. Rijiyarmu zurfi gare ta, ba a janta da hannu. Babba ne ke tsayawa a baki yana karɓar guga, takarkari ke jan igiya, yaro kuma ke kora takarkarin ya je can nesa ya dawo. Haka muka taras, haka iyayenmu suka taras. Tabkuna sun ƙafe, garken gari da na makiyaya duk a kan rijiya ɗaya, to kowane gida ya janye ɗansa. Cikin waɗanda aka janye har da ɗana na fari.

Yaron nan yana son boko. Ina ganinsa in ƙarfe ya yi ƙara, sai ya tsaya da sanda a hannu, takarkari ma ya tsaya, har ubansa ya daka masa tsawa. Amma ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Ko tuwo zan ba shi sai in ajiye in ce wa ƙanwarsa, “Kira wancan.” Ban taɓa ganin laifin wannan kunya ba, yanzu ma ban gani. Sai dai shekarar nan ta yi mini nauyi.

Mai duba makarantu ya zo daga Tanut ya taras da yara ba su cika tabarma ɗaya ba. Ya ce in ya dawo ya ga haka, zai ɗauke Mushe ya kai inda ake sonsa. Mai gari ya kira taro ranar kasuwa da la’asar don a shirya yadda za a yi. Maza suka zauna gindin aduwa, mu mata muka raɓe bayan zana.

An yi ta magana. Wani ya ce a gina ajin ƙasa, yara za su fi sha’awa. Wani ya ce a ci tarar uban da ya hana. Liman ya ce a tara gero a riƙa dama musu fura. Mushe ya ce shi ba shi da ikon canza lokacin karatu, daga sama yake zuwa. Kowa ya san rijiya ce matsalar, amma ba namijin da zai faɗa, don wanda ya fara faɗa shi zai fara rasa mai korar takarkarinsa. Ni kuma magana tana bakina, in na buɗe shi kowa ya san don wa na yi.

Kusa da ni akwai wata Bafillatana mai kawo nono, ta girme ni kaɗan. Mu asalinmu Barebari ne, tsakaninmu da Fulani wasa ne, ba a fushi. Ta dube ni, ta ga ina murza bakin zane. Sai ta miƙe, ta leƙa ta saman zana.

“Ranka ya daɗe, ga baiwata nan za ta fashe. Ɗanta na fari ke kora sa yana kuka, ita kuma an ɗinke mata baki.”

Na ce, “Ke, mai warin man shanu, wa ya aike ki?”

“Ni uwargijiyarki, wa zai aike ni? Ku Barebari gari guda, gemu kamar na bunsuru, an rasa mai bin bayan sa sai jarirai?”

Aka fashe da dariya. Wani tsoho ya ce, “To Fulani fa, naku ƴaƴan a aji suke?”

Ta ce, “Namu ma suna rijiya. Ku fito da tsofaffinku, mu fito da namu.”

Na ja mayafi na rufe fuska. Amma magana ta riga ta fita, kuma ta bakin da ba a iya jin haushinsa. Kafin magariba an tsara: ranakun karatu kowace unguwa da kowace ruga ta ba da babba mai kora takarkari, ana juyawa. Alhamis da Lahadi, da ba a karatu, yara su karɓa. Gidan da ba shi da babba, maƙwabci ya ɗauke masa. Mai gari ya fara sa ƙanensa, ba wanda ya samu bakin ƙi.

Gidanmu ni na fita, don maigidan yana bakin rijiya. Ƙasa tana ƙuna, takarkarin ga taurin kai. Amma ban taɓa jin daɗin aiki kamar na bazarar nan ba. Tsofaffi masu rawani, Buzaye, Fulani, mu mata, kowa bayan dabbarsa, ana zagin juna ana dariya. Yanzu an sa famfo, kowa ya ɗiba ya tafi ba ko sallama.

Da mai duba makarantu ya dawo, sai da aka aro tabarmi daga masallaci. Ba a ɗauke Mushe ba.

Wata rana da tsakar rana an tashi yara, sai ga yaron ya biyo ta rijiya. Ya miƙo hannu zai karɓi sandar. Ban dube shi ba. Na ce wa takarkarin, “Gaya wa wancan ya wuce gida ya ci abinci, akwai komawa aji da yamma.” Ya wuce.