Kawu da Rundunar Zanzaro

Kawuna mutum ne mai riƙo, kowa ya sani, amma ban taɓa ganin ya riƙi ɗan Adam yadda ya riƙi tsutsar wake ba.

Jan waken da yake shukawa irin mahaifiyarsa ne, wadda ta yi shekara arba'in tana ware shi da hannunta. A daminar da ta rasu tsutsa ta shiga gonar tun daga fure, ta huda kwanso ta cinye. Tafi biyu kacal ya tsira da shi. Idan wannan ya tafi, irin ya ƙare ke nan.

Wata rana yana kankare gidan zanzaro a bangon ɗakinsa, sai lakar ta fashe, tsutsotsi suka zubo. Su ne dai, irin na gonarsa, da ransu amma ba sa iya motsi. Zanzaro ya harbe su, ya toshe su a ciki don 'ya'yansa su ci a hankali. Kawu ya daɗe a tsugune yana kallo, har da murmushi.

Daga ranar tsintsiya ta daina taɓa bango. Ya ajiye kasko cike da laka a bakin gona, kullum yana zuba masa ruwa. Zanzaro ya yi gini a bayan rediyo, a ƙarƙashin taga, har cikin hannun babbar rigarsa.

"Malam, ɗakin nan namu ne ko nasu?" in ji matarsa.

"Su suna aiki. Ki bar su."

Da wake ya yi fure, mai feshi ya zo da tankinsa, ya ce kafin la'asar zai gama da tsutsotsin. Kawu ya tare shi a kan iyaka.

"Maganinka har ma'aikatana zai kashe. Kuma wa ya ce maka mutuwar sauƙi nake wa tsutsotsin nan fata?"

Ni haushi ya kama ni, don gani nake caca yake yi da irin kakarmu. Na faɗa masa, ko kallona bai yi ba.

Da kaka ya samu rabin buhu. Muna ɓarar kwanso a tsakar gida, sai ga wata ƙatuwar tsutsa ta ƙoshi, tana miƙa. Na ɗaga takalmi.

"Kul, 'yar nan."

Ya ɗauke ta a tafin hannu kamar jaririya, ya ɗora ta a bakin taga, daidai ƙarƙashin ginin laka. Ya jawo kujera ya zauna. Sau uku aka kira shi cin abinci, ya ce sai an zo an ɗauke ta.