Yaren Da Na Dasa A Ɗakin Sanyin Baba

Babana mahauci ne a Garoua, kuma yana da ɗakin sanyi mai ɓangare uku a bayan gidanmu na Poumpoumré. In wuta ta ɗauke, janaretansa ɓangare biyu kawai yake iya ɗauka. Ni da aka kashe wa kuɗin karatun kwamfuta, sai na rubuta masa manhaja da yaren C, na sa ta a wani ɗan akwati, ita take zaɓar ɓangaren da za a kashe.

Matsalar ita ce Baba ba ya kwana da ra'ayi ɗaya. Yau a fifita naman sa, gobe wani ya kawo awaki daga Touboro, a fifita su. Shi kuwa C, ko waƙafi ka taɓa sai ka sake gina manhajar gaba ɗaya ka ɗora ta a akwatin da hannunka. Ina aiki a Maroua, amma kusan kowace Asabar ina cikin mota zuwa gida, ina ƙunƙuni tun daga unguwar Dougoï har ƙofar gidanmu. Hutun ƙarshen mako nake so, ba wani abu ba.

Sai na gano ana iya dasa wani ƙaramin yare, Lua, a cikin C ɗin, kamar a ba baƙo ɗaki a cikin gida. C ya riƙe injuna, Lua ya riƙe dokokin, dokokin kuma layi biyar ne da zan iya turowa ta waya. Ranar da baƙon ya fara amsa wa mai gida, na tashi na yi rawa a ofis da takalmi ɗaya. Har mai gadi na bayyana wa yadda abin yake, bawan Allah yana ta gyaɗa kai.

Na kai gida na gwada a gaban Baba, ina taƙama. Na tura umarni a kashe ɓangare na ɗaya, wanda ba komai a ciki. Sai na biyu ya yi tsit, wanda ke cike da cinyoyin sa. Ashe Lua daga ɗaya yake fara ƙirga, C kuwa daga sifili. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce an haɗa Bahaushe da Bafillace ciniki babu tafinta. Na gyara nan take, muka sake gwadawa, ya tafi daidai. Wallahi ko ranar da na karɓi takardar gama makaranta ban ji daɗi haka ba.

Asabar uku na yi ina barci har rana ta take. Baba ya kira, in turo layi biyu, shi ke nan.

A ta huɗu ya kira ya ce akwatin ya lalace. Na duba daga wayata, komai lafiya lau. Na ce ya faɗa mini abin da yake so a canza, yanzu zan turo. Ina jin ƙarar injunan a bayansa suna aiki sumul.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wannan ba ta gyaruwa ta waya. Sai kin zo."