Duwatsun da Suka Jira Mai Su

Garinmu ba garin dutse ba ne. Ko'ina ka haƙa a Maiduguri yashi za ka tarar, shi ya sa mutane suka riƙa mamakin sana'ar Baba. Yana da fili a Moduganari, bayan gidanmu, inda ake sauke manyan duwatsun da aka yanko daga kudancin jiha, da marmara mai sheƙi da ke zuwa ta jirgin ruwa har Legas, tirela ta ƙaraso da ita. A nan ake yanka su falle-falle, a goge, a jingine su a jikin bango. Yawancinsu Chadi ake kai su.

Mai yankan wani dattijo ne Kirista daga kudancin Borno, wanda suka yi shekara da shekaru tare da Baba. Da ƙarar injinsa muka tashi. Idan ya kashe shi da azahar, sai gidan ya yi tsit har ka ji kukan kurciya a kan dogonyaro. Lokacin zafi kakarmu takan sa a kwantar mata da falle ɗaya a inuwa, ta kishingiɗa a kai ba tabarma. Ta ce ya fi fanka.

Cikin masu saye akwai wani Alhaji daga Njamena, dogo, mai son shayi. Sau biyu yake zuwa a shekara, kuma a ɗakin zaurenmu yake sauka. Hausarsa kaɗan ce, Larabcin Shuwa na Baba ma kaɗan ne, amma sai su wuni suna hira suna dariya. Ba ya zaɓen dutse sai ya watsa masa ruwa da buta, wai sai ya jiƙe launinsa na gaskiya ke fitowa. Yakan zo mana da dabino da turaren wuta.

Zuwansa na ƙarshe ina aji ukun sakandare. Ya zaɓi baƙaƙen falle goma sha biyu, ya ce na ƙofar gidan da yake gina wa iyalinsa ne, zai turo mota bayan damina. Kafin daminar ta wuce rikici ya yi tsanani, hanyar Gamboru da ake bi zuwa Chadi ta rufe. Lambar wayar Alhajin ta daina shiga. Mai yankan ya kwashe iyalinsa ya koma Jos, Baba ya lulluɓe injin da tamfol.

A hankali aka sayar da komai, ban da waɗannan sha biyun. Masu gini sun sha tayawa. Yayana ma ya taɓa yi masa magana, Baba ya ce, "Mutum ya zaɓi abinsa. Ka bar su."

Na yi aure a Maisandari, na haifi biyu, duwatsun suna nan, kaji suna ƙwai a bayansu.

Wata ranar Asabar na je gida gaisuwa, sai ga wata mata ta sauka daga keke mai ƙafa uku tana tambayar gidan mai dutse. 'Yar Alhajin ce. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta shaida masa cewa mahaifinta ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ya sha ba su labarin gidanmu, ita kuma da ta shigo gari sayen kaya ta ce bari ta zo ta gaishe mu. Ba ta ma san da zancen duwatsun ba.

Baba ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya dogara sandarsa ya ce, "Taso, 'yata, ki ga kayan babanki."

Kwana uku ta yi a ɗakin Inna, mahaifiyarmu, kafin a sami motar da za ta ɗauka. Ranar lodi Baba ya hana kowa sa baki. Da kansa ya nuna inda za a shimfiɗa tsofaffin tayoyi, da yadda za a tsayar da kowane falle a gefensa, a sa kwali tsakani. Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka na manta.

Bayan wata biyu ta turo hoton ƙofar a wayar yayana. Idon Baba ya riga ya yi rauni, sai ni na zauna kusa da shi ina faɗa masa abin da ke ciki. Ya tambaya ko an jera su daidai, na ce an jera.