Ni da Doki, Yaya da Inji

Babanmu ya rasu a lokacin kaka, rake na tsaye a fadama, a shekarun da yaƙin Turawa ya sa sukarin kanti ya ɓace, kowa ya koma wa mazarƙwaila. Abin da ya bari ba shi da yawa: fadamar rake a bayan ƙauyenmu kusa da Dandamisa, da injin ƙarfe na matse rake, da dokin da ke juya shi, da babban kaskon dafawa, da 'yan awaki. Sai kuma mu 'ya'yansa biyu maza, da Inna.

Yayana mutum ne mai sanyi, irin sanyin da ke ƙona mai zafin rai kamar ni. In ka zazzaga masa faɗa sai ya bari ka gama, ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya ci gaba da fere rakensa. Duk zaman da muka yi a gandun Baba, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, ban taɓa jin nauyi ba, don daga bakin Baba umarni ke fitowa. Amma a ce yanzu Yaya ne zai riƙa nuna mini inda zan kai fartanya, ni da matata da gemuna da ya soma tsirowa? Ana gama sadakar arba'in na ce a raba gado, a raba gandu, kowa ya ɗora tukunyarsa.

Inna tana kaɗi lokacin da na faɗa mata. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To, ni a rabon wa zan faɗo?"

Na ce, "Haba Inna! Ai ke kika ci riba. Kwano ɗaya kike samu, yanzu biyu za ki riƙa samu."

Liman ya zo da dattawan unguwa aka yi rabo. Aka fitar wa Inna tumuninta, ta tashi da awaki da kasko. Aka ja igiya aka raba fadama biyu. Saura inji da doki, dattawa suka ce darajarsu ta zo ɗaya, kowa ya ɗauki guda. Yaya ya ce, "A bar yaro ya fara zaɓa." Wannan "yaro" ta soke ni har ƙahon zuci. Na miƙe na ce doki nake so. Wa ya taɓa ganin wanda ya hau inji ya je gaida surukai? Liman ya yi gyaran murya ya ce in dai sake tunani, na ce na gama tunani tun jiya.

Kashegari aka kafa zana ta ratsa tsakar gida. Ɗakin Inna a tsakiya yake, don haka zanar ta zo ta tsaya a jikin bangonsa, ta ci gaba ta ɗaya gefen.

Ranar kasuwar Kudan na ari sirdi, na saka rigar Baba, na hau dokina. A Kudan surukaina suke, ina so su san 'yarsu ba ƙaramin mutum ta aura ba. A hanya na lura yana ɗan karkata hagu, na ce rashin sabo ne. Muna shiga kasuwa ya hangi wata tsamiya a tsakiyar fili. Sai ya sunkuyar da kai, ya nufe ta, ya kama zagaya ta, a natse, taku ɗaya bayan ɗaya, yadda ya yi shekara da shekaru yana zagaya injin Baba. Na ja linzami, na zungure shi, na roƙe shi a kunne da girman Allah, ko a jikinsa. Kasuwa ta bar ciniki ta kewaye mu. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ruwan raken ya fara zuba?" Wata mai fura ta zo ta ajiye ƙwarya a gindin tsamiyar ta ce a tara mata. Duk zagayen da zan yi sai na wuce ta gaban surukina, yana zaune a rumfar masu goro, ya kafa wa wata tsohuwar tabarma ido kamar saye zai yi. Da ƙafa na koma gida, ina jan dokin, hular Baba a hammata.

Abin da na tarar a gida ya fi na kasuwa ciwo. Matata ta nuna mini kwanon tuwon da ta kai wa Inna, a rufe yadda ta kai shi. Wai Inna ta ce, "Ki ce masa na ci na wancan." Inna ba ta faɗin sunan ɗan farinta, "wancan" take ce masa. Washegari haka, jibi haka. Na ce lallai, ashe Inna ta zaɓi gefe! Na sa aka yanka kaza aka yi miya har maƙwabta suna leƙowa. Kwano ya dawo, ko cinya ba a taɓa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don duk rashin kunyata ban taɓa zaton akwai ranar da Inna za ta ƙi abincin gidana ba. Na daina zama in na je gaishe ta. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in ce ina kwana, in tashi.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne Yaya ma bai ji daɗin nasa rabon ba. Inji ba ya juya kansa. Ya aro jaki ya ɗaura masa sandar injin, jaki ya yi rabin zagaye ya ga hanyar ba ta zuwa ko'ina, ya zauna. Daga baya na hangi Yaya da ƙannen matarsa sun sa ƙirji suna tura sandar da kansu, gumi na tsiyaya, ruwan rake na ɗigowa kamar hawayen marowaci. Na hau suri na zauna na sha kallo. Ni kuwa na kai dokina haya wurin wani mai inji a Gubuchi, ashe nasa injin dama yake juyawa. Doki ya kafa ƙafafu ya ce shi ba a haka aka koya masa ba. Mutumin ya dawo mini da shi kafin azahar, har da yi mini jaje. Rakena kuwa yana can yana bushewa, ɓeraye da yaran unguwa suna raba shi a tsakaninsu ba tare da liman ba.

Ana nan wata safiya na tashi ba doki, ba turke. Na bi sawu har fadama. Ga shi nan yana zagaya inji cikin jin daɗi, turken na jan ƙasa a bayansa, Yaya na cusa rake.

Na ce, "Yaya, wa ya ba ka dokina?"

Ya ce, "Ni ban kira shi ba. Zuwa ya yi ya tsaya a gindin sanda. Na ga bai dace baƙo ya zo ya yi ta tsayuwa ba aikin yi ba."

Na canja turke, na canja igiya, na ɗaure shi a jikin rumbu har ya kusa kayar da shi. Kullum da sassafe yana wurin aiki. Da na ga haka sai na wuce Makarfi na kai ƙara wurin alƙali, aka aika aka kira Yaya.

Alƙalin tsoho ne, goro a kumatu, ido a lumshe kamar mai gyangyaɗi. Na zube na kwashe bayani, na ce a biya ni gumin dokina. Ya juya ga Yaya. Yaya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ma da ina da ƙara, kunya ce ta hana ni. Dokin nan kullum a wurina yake karya kumallo. Dusata da ganyen rakena ya gama da su."

Mutane suka kwashe da dariya. Alƙali ya ce, "Inji naka, doki nasa. Kaskon da ake dafawa fa?"

Yaya ya ce, "Na mahaifiyarmu ne."

"Tana raye ke nan. A hannun wa take cikinku?"

Nan na samu inda nake so. Na ce, "A hannunsa, Allah ya gafarta Malam! Ta bi bayansa. Tun ranar da aka yi rabo ba ta taɓa kwanona ba. Kullum sai ta ce ta ci nasa."

Yaya ya juyo ya dube ni. Tun da nake ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Nawa? Kwanona kullum a rufe yake dawowa. Cewa take ta ci naka. Ni na ɗauka ɗan auta ta bi, na haɗiye abina."

Alƙali ya buɗe idonsa duka biyu, ya ciro goron daga bakinsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "To me take ci?"

Na dubi Yaya, Yaya ya dubi ƙasa.

Ya ce, "Ku tashi ku je ku gano. In kun gano, ku dawo mu yi maganar doki."

Daga Makarfi muka kamo hanyar gida, ban san Yaya ya iya sauri ba sai ran nan. Mun isa ana kiran la'asar. Muka shiga ɗakin Inna tare, har kafaɗunmu na gogar juna a ƙofa. Tana zaune da mazarinta, a gefenta ƙoƙo da ɗan guntun kunun tsaki. Zarenta take aikawa kasuwa a sayo mata tsakin. Da ta ɗaga hannu za ta ja zare, sai awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. Kullum ina zuwa gaishe ta, amma ban ga haka ba sai ranar.

Ta ce, "Wa ya ci shari'ar?"

Yaya ya durƙusa. Ni na ce, "Inna, don me?"

Ta ce, "In na ci na ɗaya, ɗayan fa?"

Na leƙa ta hagu na ƙwala wa matata kira, Yaya ya leƙa ta dama ya kira tasa. Kwano biyu suka iso a tare. Inna ta dube su, ta jawo tsohon akushin Baba, ta juye wannan, ta juye wancan, ta sa hannu ta cakuɗa har ba mai iya gane nasa. Sannan ta yi bisimilla. Muna durƙushe muna kallonta tana kai loma a hankali. Da ta ci rabi sai ta tsaya ta ce gishiri ya yi yawa, amma ba ta ce na wa ba.