Tafin Zahara a Cikin Laka

Duk wanda ya taɓa shiga filin kokowa na Tawa ya san aikin Ciɗo, ko da bai san fuskarsa ba. Rigunan magoya baya masu hoton zaki ko bijimi a ƙirji shi ke buga su, waƙoƙin da makaɗa ke zuga 'yan kokowa da su kuma da yawa daga bakinsa suka fito. Mutane na cewa sana'a biyu gare shi, shi kuwa ya ce guda ce.

Robar nan mai kauri da ke lilo a bayan tayar manyan motoci, ita yake saye ya yanka falle-falle, ya sassaƙa zane da 'yar wuƙa, ya shafa fenti ya danna a kan yadi. Yana sassaƙa yana gunguni, wuƙa na ja murya na bi, kafin zane ya ƙare waƙa ta tsaya da ƙafarta. Bai taɓa rubuta ko baiti ɗaya ba, taurin kai ya hana. Da tsufa ya fara yi masa sata a ka, sai ya lura in ya bi layukan roba da yatsa, waƙarta na dawowa tsaf. In babu robar, babu waƙar.

Akwai falle ɗaya da bai taɓa bugawa don kasuwa ba. Zanen lallen tafin matarsa Zahara ne, ya sassaƙa shi a shekarar aurensu, ya buga mata a zane guda, ya yi mata waƙar da ita kaɗai ta taɓa ji. Tun da ta rasu, kowace Juma'a yakan ɗauko shi ya rera a hankali.

A bara ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya tafi jinya wurin ƙanwarsa a Kalfu, ya bar rumfar sana'arsa a hannun ɗansa Attahir, wanda bai daɗe da dawowa daga Abijan da sabon injin buga riguna ba. Ran da Ciɗo ya dawo an kwana ana ruwa. Ya sauka a tasha yana tafe yana duban ƙasa kada santsi ya kayar da shi, sai ya ga zanen yatsu uku a cikin laka, da 'yar tauraruwa a gindinsu. Ya tsaya cak. Gaba kaɗan ga su kuma, gaba ga su, taku bayan taku. Wannan tauraruwar shi ya karkata ta da hannunsa.

Ya bi sawun har kasuwar dabbobi, ya tarar da mai shi, wani makiyayi daga Takanamat, Aghali, yana cinikin akuya.

"Bawan Allah, ɗaga mini ƙahwarka," in ji Ciɗo.

Aghali ya dube shi kamar mai taɓin hankali, amma ganin furfura sai ya cire takalmin ya miƙa. Ciɗo ya juya shi. Tafin Zahara ne, an datse shi daidai ƙafar ƙato, kashin awaki ya cika tsakanin yatsun.

"Ina kas samo wanga?"

"Wurin masu takalman taya nis saye. Su da yawa ne, kowa na so, wai ba su santsi."

Ciɗo ya shiga goge kashin awakin da bakin rigarsa. Aghali ya ga haka, bai tambayi dalili ba, ya cire ɗayan ma ya ajiye masa, ya koma ga akuyarsa ba takalmi. Ɗayan kuwa wutsiyar zaki ce a jikinsa.

A rumfa ya tarar an share an yi fenti, injin na ƙyalli, inda yake ajiye buhunan robarsa babu komai. Attahir ya taso da murna, ya ga abin da ke hannun ubansa, murnar ta mutu.

"Baba, ni tarkace nag gani sun cika wuri, nas sayar ma masu takalma. So nika yi ka dawo ka iske rumfa ta yi kyau."

Ai gyaran gangar auzinawa ke nan. Ciɗo bai zage shi ba, da ma ya zaga da ya fi wa yaron sauƙi. Ya zauna a ƙasa, ya wanke takalmin da ruwan buta, ya ɗora yatsa. Waƙar ta zo, baiti na farko, na biyu. Attahir bai taɓa jin an kira sunan uwarsa haka ba, ya durƙusa yana hawaye. Yatsa ya kai inda wuƙar mai takalma ta bi, waƙar ta tsaya a tsakiyar magana.

Attahir ya zaga kasuwannin Bambeye da Takanamat yana leƙen ƙafafun mutane har aka fara yi masa dariya. Ya samo kan bijimi, ya samo rabin zaki, sauran tafin dai bai samu ba.

Ciɗo na nan har yanzu, ya daina yi wa 'yan kokowa waƙa. Ran Juma'a yakan ɗauko takalmin ya rera zuwa inda robar ta ƙare, sannan ya yi shiru, yatsansa na ci gaba da tafiya a kan gwiwarsa.